Ranar da Ruwan Dam Ya Shiga Ɗakin Iya

Abubuwa da yawa sun shuɗe mini a rayuwa, wasu ma sai an tuna mini nake cewa, "Af, haka fa aka yi." Amma ranar da aka buɗe dam ɗin garinmu tana nan daram a kaina, kuma na tabbata da ita zan koma ga Mahaliccina. Ba don taron ba ne, ko da yake an yi taro na gani na faɗa. Abin da muka tarar a gida bayan an watse shi ne ya hana ni mantawa. Shi ya sa har gobe in na ga famfo yana zuba ba kowa a kansa, ko a gidan wa nake, sai na je na murɗe shi, jikokina suna dariya suna cewa tsohuwa ta fara aikin nata.

Lokacin ban daɗe da aure ba, ina goyon 'yata ta fari. Keffi ba ta cika ta batse kamar yanzu ba, inda ake kira babban birnin tarayya kuwa daji ne da gonakin doya. Zamanin da kuɗin man fetur ya fara shigowa ne, ko'ina ka juya gwamnati tana haƙa wani abu ko tana gina wani abu. Mu uku ne manya a gidan: ni, da maigidana wanda tela ne a bakin kasuwa, da mahaifiyarsa da duk unguwa ke kira Iya. Ɗebo ruwa kuwa aikina ne ni kaɗai.

Wanda bai yi rani a Keffi ta wancan lokacin ba, ba zai gane wuyar da muka sha ba. Rijiyoyin unguwa su ƙafe ƙaf, sai rafi. Rafin ma suna ne kawai, don yashi za ka tarar shimfiɗe. Mu tona rami da ƙwarya, mu zauna muna hira har ruwa ya tsattsafo ya taru. In ya kai iyakarsa sai ya tsaya, ko wuni za ka yi a wurin ba zai ƙaru ba. Mu kwashe da moɗa mu zuba a tulu, mu sake zaman jira. Wuyana ya san gammo fiye da yadda ya san sarƙa. Don haka da aka ce za a tare rafi a yi dam, a ba manoma ruwan noman rani, a kuma jawo saura cikin gari ta bututu, ban tsaya jin ra'ayin kowa ba, ni dai na san addu'ata ce aka amsa.

Katafiloli suka zo suka yi ta ture ƙasa. Itatuwan da ke inda ruwa zai kwanta aka sare su, aka ce duk mai so ya kwasa. Maigidana mutum ne da ba ya iya ganin abin banza ya wuce, ya yi ta jigila da amalanke har ya tara tsibi guda a bayan gida. Iya ta riƙa yi masa tsiya, wai ko shi aka ba kwangilar dafa wa duk garin tuwon biki. Ya kuma sa sunansa cikin masu neman fili a ƙasan dam, yana mafarkin tumatir da albasa.

Ita Iya ba haifaffiyar Keffi ba ce. 'Yar Keana ce, daga ƙabilar Alago, aure ya kawo ta tun tana yarinya, ta kuwa zo da sana'ar garinsu, wato gishiri. Ba dafa shi take yi ba, don babu ƙasar gishiri a wajenmu. Saro shi take yi, 'yan'uwanta su ɗoro mata a mota ta Lafia, ta kasa a rumfarta a kasuwa. Gishirin kanti ya fara cika gari a lokacin, amma Fulani masu shanu da tsofaffin mata ba su yarda da shi ba, na Iya suke nema. Gajeriya ce, mai saurin tafiya da saurin baki, kuma in ta ce a'a, to ka nemi wuri ka zauna.

Rigimarta da ɗanta guda ɗaya ce. Shi yana so ta bar kasuwa.

"Iya, ki huta haka nan," yakan ce. "Ina raye ina da sana'a, me zai sa ki riƙa wuni cikin rana?"

Da yake ɗan fari ne ba ta faɗin sunansa, da sana'arsa take kiransa. "Tela, ranar da ka ga na daina zuwa kasuwa, ka aika a sayo likkafani."

Ba kuma wasa take yi ba. A kasuwa take jin labarin gari, a can ake rusuna mata ana gaishe ta, a can take sasanta masu faɗa ko ba su nemi ta sasanta su ba. In aka yi ruwan da ya hana ta fita, sai ta wuni tana neman wanda za ta yi wa faɗa, kuma ni ce mafi kusa. Daga ƙarshe suka yi sulhu. Ya ce ba zai ƙara tada maganar ba, amma duk ranar da jarinta ya karye, ba za ta nemi wani ba, za ta zauna a gida. Ta ce ta yarda, don jarin da ta riƙe tun kafin a haife shi ba a hannunta zai karye ba. A shekarar da nake ba ku labari, ta juye duk abin da ta mallaka ta saro kaya da farkon bazara, tun kafin damina mai zuwa ta lalata hanya. Buhuna ne jibge a ɗakinta, an ɗora su a kan katako a jikin bango, wani bisa wani.

Da bututu ya iso unguwarmu, maigidana ya ɗauko wani mai haɗa famfo daga Sabon Gari. Mutumin ya zaga tsakar gida, ya nuna gindin bishiyar lemo ya ce nan ya dace. Iya ta ce ba ta san zancen ba. A gidanmu, kamar gidaje da yawa a lokacin, babbar randar ruwan sha a ɗakin babbar mace take zama. Baƙo in ya zo, daga hannunta yake shan ruwa. Randar Iya kuwa tun ta aurenta ce, yaro zai iya ɓuya a ciki.

"A gidan nan ruwa a ɗakina yake kwana," ta ce. "Ka kai shi bakin randa."

"Mama, wannan wahala ne fa," in ji mutumin da gurguwar Hausarsa. "Famfo na waje ne. Ɗaki ba shi da hanyar ruwa."

"Ni ma ba hanya na ce ka yi masa ba. Masauki na ce ka ba shi."

Ya dubi maigidana, maigidana ya dubi ƙasa. Haka aka huda bangon ɗakin Iya, aka shigo da bututu, famfo ya tsaya daidai bakin randa. Kafin ya tafi mutumin ya nuna mana yadda ake murɗawa nan a buɗe, a murɗa can a rufe. Muka gyaɗa kai dukanmu. To amma bututun a bushe yake, buɗewa da rufewa duk ɗaya ne a idonmu, ba wanda ya ga abin da rufewar take tsarewa.

Famfon nan ya yi watanni bai ɗigo da ko hawaye ba. Damina ta zo ta cika dam, ta wuce, aka ce sai an gama tanki da wurin tace ruwa. Iya ta mayar da shi marataya, carbinta da gyalenta a nan suke kwana. Kullum da safe takan murɗa shi ta kara kunne, ta ce, "Yana numfashi dai, yana hanya." Ni kuwa ina nan ina safa da marwa tsakanin gida da ramukan yashi, don ruwan dam ya yi mana nisa da tulu.

Sai cikin bazara aka yi shela cewa babban baƙo zai zo daga Jos ya buɗe dam, kuma a ranar za a saki ruwa cikin gari. Garin ya ɗauka. Maigidana ya yi ta ɗinki ba ji ba gani, kowa yana son sabon kaya kamar salla. Ran taro muka shirya tun da hantsi. Iya ce ta ƙarshen fitowa. Ta ja ƙofarta, ta datse da kwaɗo, ta ƙulle mabuɗin a bakin zaninta.

"Na gama shirya wa baƙo," ta ce.

Na ɗauka babban baƙon Jos take nufi, na yi dariya a raina, ina cewa tsohuwar nan ta zaci gidanmu zai zo shan ruwa.

Ban taɓa ganin ruwa mai yawan wannan ba. Ya kwanta shimfiɗe tsakanin tuddai, iyakar ganinka, inda a da muke tsinkar kanya. Iya ta tsaya ta riƙe haɓa tana kallo. Makaɗa suna ta yi, 'yan makaranta sun jeru cikin rana, masu rake da masu ƙosai suna cin kasuwarsu. Aka yi jawabai da ba mu ji rabinsu ba. Can babban baƙo ya kama wani ƙarfe mai kama da sitiyarin mota ya juya, sai ga ruwa ya ɓalle cikin magudanar da ta nufi filayen noma, yana gudu yana kumfa. Mata suka rangaɗa guɗa. Aka sanar cewa na cikin gari ma an sake shi. Ni da na ji haka sai da na yi hawaye, na shafa wuyana na ce masa ya huta.

Ba mu koma gida da wuri ba. Maigidana ya ja mu ya nuna mana filin da aka yanka masa, yana aunawa da ƙafa yana faɗa mana inda albasa za ta zauna. Muka ci rake, muka gaisa da dangin da suka zo daga Panda da Nasarawa, sai wajen la'asar muka kamo hanya.

Tun daga bakin unguwa muka ga ikon Allah. Lungunan da suka yi watanni a bushe, ruwa ne ke gudu a cikinsu. Yara sun tuɓe suna wanka a hanya, agwagi suna biki. Ashe gidaje da yawa kafin su tafi taro sun buɗe famfo sun tara bokiti ko tulu, wai kada ruwa ya zo ya tarar da ba kowa ya koma. Kowa ya dawo ya tarar da tsakar gidansa ta zama fadama. Ba wanda ya yi fushi, sai dariya ake yi ana nuna juna. Mu ma muka taya su, har da riƙe ciki.

Muka shiga gidanmu, tsakar gida a bushe ƙamas. Maigidana ya gyara hularsa ya ce, "To, mu dai ba a yi wannan ƙauyancin da mu ba."

Bai rufe baki ba na lura da awaki. Namu da na maƙwabta duk sun taru a ƙofar ɗakin Iya, suna ture juna suna lasar dokin ƙofa. Sai kuma na ji ƙarar ruwa daga ciki, shaaa, ba tsayawa.

"Iya," na ce, "famfon ɗakinki a rufe yake?"

"Wane irin a rufe? Ana rufe wa baƙo ƙofa ne? Na buɗe masa, na kwashe randa na wanke ta. In ta cika ai zai tsaya."

Ta faɗi haka hankalinta kwance, kuma har ga Allah ban ga laifinta ba. Duk ruwan da ta sani a duniya, na rijiya ne ko na ramin yashi, yana kaiwa iyakarsa ya tsaya. Ni kaina da ni aka bari da famfon, ban san abin da zan yi ba.

Aka kwance mabuɗi, aka tura ƙofa. Ɗakin Iya tsohon gini ne na ƙasa, marigayi mijinta ya gina shi da hannunsa, ya yi masa dokin ƙofa mai tsawo don kada ruwan sama ya shiga. Wannan dokin ƙofar ne ya tsare ruwan famfo a ciki, ɗakin ya zama ƙaramin dam. Ruwa ya kai ƙauri, ya fara leƙowa waje. Tabarma da ƙore da takalmanta suna yawo a kai. Buhunan ƙasa sun narke sun lotse, na sama sun gangaro sun faɗa ciki. Abin da ya rage a jikin bango tsummokara ne kawai, sai buhu ɗaya ko biyu da suka jiƙe sharkaf.

Maigidana ya naɗe wando ya kutsa ya murɗe famfon. Iya ta ja baya ta zauna a kan turmi. Ba ta yi kuka ba, ba ta yi salati da ƙarfi ba, sai ta zuba hannuwanta a cinya tana kallon ƙofar. A take na ga ta tsufa. Tausayinta ya kama ni, don na san ba gishiri kaɗai ya narke ba, rumfarta ce ta tafi, da alkawarin da ta ɗauka da bakinta.

Ɗanta ya durƙusa a gabanta. "Iya, ki yi haƙuri. Haka Allah ya so. Dama hutun nake nema miki." Da zuciya ɗaya ya faɗa, amma da ya yi shiru ya fi. Ya miƙe ya ɗauko diga. Bangon ya fara shan ruwa daga gindi, ya ce in ba a fasa dokin ƙofa ruwan ya fita ba, ɗakin zai zube.

Ya ɗaga digar kenan Iya ta miƙe. Ta kori wata akuya, ta sunkuya ta tsoma yatsa a ruwan, ta kai bakinta. Ta sake tsomawa ta sake ɗanɗanawa. Ina kallon fuskarta tana sauyawa.

"Tela, ajiye digar nan."

"Iya, bango zai faɗi."

"Bango ana sake ginawa. Gishirina bai je ko'ina ba, yana cikin ruwan nan. Ko wanda muke ɗebowa a Keana bai kai wannan kauri ba. In ka fasa, ka zubar mini da jari a lungu."

"Ruwa ne fa, Iya. Ruwa za ki kasa a kasuwa?"

Sai ni ta juyo ta kalla. Tun da na shigo gidan ban taɓa sa baki a maganarsu ba, ko ido ban cika haɗawa da ita ba saboda kunya. Ranar dai na gyara goyona, na ɗauki bokiti, na ratsa ta gefen maigidana na shiga ɗakin. Na ce, "Malam, in ba za ka kama ba, ka ba mu hanya." Ya dube ni kamar bai taɓa ganina ba. Sai ya jingine digar ya ɗauki daro.

Nan da nan tulunanmu da tukwanenmu suka cika, ruwan ɗaki ko gezau. Iya ta ce in ruga maƙwabta in aro duk abin da zai riƙe ruwa. Gidan farko da na faɗa na wani malamin makaranta ne, matarsa 'yar ƙabilar Mada ce, ƙawata ta zuwa rafi. Na tarar da ita tsaye a gaban babban duronta, ya cika maƙil da ruwa garai-garai, tana kallonsa kamar sabon jariri.

"Ki zubar ki ara mini duron nan," na ce ina haki.

"In zubar? Ke, kanki ɗaya kuwa? Tun da aka sayi duron nan yau ne ya fara cika."

"Ai famfo yana nan. In na dawo miki da shi sai ki sake tarawa."

Ta dubi famfon, ta dube ni. Mu biyu da muka yi shekaru muna rabon ruwan rami da moɗa, sai a lokacin ya faɗo mana cewa yanzu ana iya zubar da ruwa a samu wani. Ta fashe da dariya, ni ma na fashe, muka haɗa kafaɗa muka tunkuɗe duron. Ruwan ya malale tsakar gidanta, muna kallonsa muna jin kamar mun yi saɓo.

Kafin a jima labari ya zaga unguwa. Mata suka yi ta ɓullowa da daro da bokiti da garwa, kowa ta zubar da ruwan da ta tara ta kawo. Muka yi layi daga ɗaki zuwa tsakar gida, ana miƙa wa juna. Iya ta hau kan turmin da ta zauna a kai ɗazu tana ba da umarni, tana zagin duk wadda ta bari ya zube, rabi da Hausa rabi da Alago. Yara aka ba su aikin korar awaki, aikin da ya fi na kowa wuya. Kafin a kira magariba mun kwashe ruwan tas, har tsummokaran buhuna ta sa aka matse. Tsakar gidanmu ta cika da mazubai, ba inda za ka sa ƙafa.

Washegari da hantsi kusurwar bangon baya ta zube, kamar yadda maigidana ya faɗa. Allah ya kiyaye ba kowa a ciki. Na zaci Iya za ta damu, ginin mijinta ne. Ta je ta tsaya a kai, ta ɗauki ɗan ɓarɓashin ƙasar ta lasa, ta ce, "Wannan ma kada a zubar, ta sha gishiri."

Daga nan gidanmu ya koma Keana. Ta sa aka farfasa daɓen ɗakin da ƙasar bangon, aka baje a rana. Da safe mu yayyafa ruwan gishirin a kai, zafin bazara ya busar da shi, da yamma mu kankare. Ta aika aka sayo tukwane, ta huda gindinsu, ta jera a kan duwatsu. A cika su da ƙasar nan, a zuba ruwa, ya riƙa ɗiga a hankali cikin kwano a ƙasa. Abin da ya ɗigo shi ake dafawa a manyan faranti har ruwan ya ƙone. Itace kuwa, tsibin nan na dam da ta yi ta yi wa ɗanta tsiya a kansa, shi ya yi mana rana. Shi da kansa yake faskarawa kafin ya tafi shago, yana cewa, "Iya, ga kwangilar tuwon bikin ta samu." Ta ce ya yi mata shiru ya ƙara wuta.

Rabonta da wannan aiki tun tana budurwa a gaban mahaifiyarta, amma hannunta bai manta komai ba. Wata rana tana juya faranti sai muka ji ta ɗauki waƙa da harshensu, da wata siririyar murya da ban san tana da ita ba. Maigidana ya tsaya da gatari a hannu. Daga baya ya faɗa mini tun da aka haife shi bai taɓa jin uwarsa ta yi waƙa ba.

Ranar da gishirin farko ya fito, fari tas yana ƙyalli a gindin faranti, ta ɗebo da ludayi ta ce in miƙo hannu. Ta zuba mini a tafi, da sauran ɗuminsa.

"'Yar nan, ɗanɗana. A garinmu na farko wadda ta fi shan wuya ake ba."

Na sa a baki. Gishiri ne kawai, amma ban taɓa cin abin da ya yi mini daɗi kamarsa ba.

Makonni muka yi muna wannan aiki. Ba duka ya dawo ba, wani ya bi ƙasa, wani ya tafi cikin awakin unguwa. Amma abin da ya dawo ya isa ta koma rumfarta da kanta a sama. Mutane suka sa masa suna gishirin dam, aka yi ta rububinsa, wasu ma ba gishirin suke so ba, labarin suke so su ji daga bakinta, ita kuwa kullum sai ta ƙara masa wani abu. Kafin hanya ta gyaru a sake saro kaya, ta sayar da shi ƙarƙaf. Maigidana bai sake tada maganar hutu ba. Da lambunsa ya fara bayarwa, ita yake kai wa tumatir da albasa ta kasa a gefen gishiri, tana yi masa ciniki mai tsauri kamar baƙo.

An sake gina ɗakin, famfo ya koma gindin lemo inda mutumin Sabon Gari ya nuna tun farko. Iya ta yarda bisa sharaɗi guda, randa tana nan a ɗakinta. Ni nake cika ta kullum da bokiti, kuma ban taɓa jin nauyin hakan ba. Awaki kuwa sun yi shekaru suna lasar bayan gidanmu.

Iya ta ci kasuwarta har ƙarfinta ya ƙare. A ciwonta na ƙarshe, in na ba ta ruwa daga randa ta sha, sai ta riƙe hannuna ta ce, "'Yar nan, kin rufe famfo?" In ce na rufe, Iya. Ta yi murmushi ta ce, "To madalla, ba itacen da za mu sake dafawa."

Abin da ranar nan ta koya mini ban same shi a wajen kowa ba. Duk sabon abin da ya shigo gidana, kafin in tambayi yadda ake kunna shi, sai na tambayi yadda ake tsayar da shi. Babban darasin kuma shi ne, in na ga mutum ya yi asara, ba na saurin ce masa ya haƙura ya zauna, ko da tausayi ne ya sa ni. Da an fasa dokin ƙofar nan, da mun zubar da sauran shekarun Iya a lungu muna ganin taimakonta muka yi. Yanzu ni ce tsohuwar gidan, 'ya'yana suna ta cewa in bar sayar da daddawa in huta. Nakan ce musu su ajiye digar tukuna, ban gama ɗanɗana ruwan ba.